Amsar Maigida Game Da Aikin Zanen Gimbiya Na Ƙananan Yara

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce wata mai makarantar nazare ta nemi ka haɗa mata shafukan zanen gimbiya waɗanda yara 'yan shekara biyu zuwa biyar za su riƙa shafa wa launi, kana kuma tambaya ko za ka iya sauko da hotunan daga intanet ka buga mata kai tsaye, da kuma irin takardar da ta dace. Da a ce tambayarka ta tsaya a kan saita shafi a kwamfuta ko haɗa tawada, da ban tanka maka ba, domin duk wanda ya yi shara a shagona ya wanke robar inji ya san waɗannan. Na ɗauki alƙalami ne saboda irin wannan aiki ya taɓa cinye mini jari, kuma har gobe raina bai huce ba.

Hotunan intanet ba su dace da wannan aiki ba. Yawancinsu an zana su ne domin su burge babba, shi ya sa za ka ga rigar gimbiya cike da ƙananan furanni, gashinta siri-siri, ga kambi mai duwatsu barkatai. Ka je ka zauna kusa da ɗan shekara biyu da rabi ka ga yadda yake aiki. Dunƙule kireyon yake yi a tafin hannu, motsinsa daga kafaɗa yake fitowa, yana goga da iya ƙarfinsa, harshe a waje, har kireyon ɗin ya karye biyu. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yawancin yara ke iya riƙe shi da yatsu uku su tsaya kusa da layi. Saboda haka kaurin layi ya kai kamar milimita 3 ga ƙananan, milimita 2 ga manyansu, kuma kowane layi ya je ya haɗu da ɗan'uwansa, kada ka bar ƙofa. Gimbiya ɗaya ta cika shafin A4, gurabun shafa launi kada su wuce biyar ko shida: ɗankwali, fuska, riga, zani, takalmi. Ido ɗigo biyu ne, baki lanƙwasa ɗaya. Ba inuwa, ba toka-toka. Ku yaran yanzu kuna ɗaukar irin wannan zane a matsayin kasawa, alhali shi ne mafi wuya, domin idan layuka ba su da yawa, kowace karkata a fili take.

Akwai kuma batun mallaka. Gimbiyoyin da ka fi gani a intanet na kamfanin Disney ne, kuma buga su don sayarwa ba tare da izini ba satar fasaha ce, ko da rabin kasuwa na yin haka. Ban ma ga abin da ya kai ka aro ba. Kana da Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, wadda gimbiya ce kafin ta zama sarauniya, kana da Daurama, kana da 'ya'yan sarki da ke caɓa ado ranar hawan Sallah. Ka zana yarinya da ɗankwali da mayafi da awarwaro, ka ba ta manyan ɗigon lalle a tafin hannu, a wani shafin ka sa ta ƙarƙashin laima, a wani ka tsayar da ita a ƙofar soro mai zanko. Ka kuma tambayi matar tun da wuri ko makarantar tana da ɓangaren Islamiyya, domin wasu iyaye da malamai ba sa son zanen mai rai da cikakkiyar fuska, kuma gara ka ji wannan kafin ka ƙona faranti, wato fallen da ake fitar da zanen a kansa a ɗora wa injin bugu.

Yanzu ka saurari abin da ya sa nake amsa maka. Shekarun baya, wani ɗan kwangila ya zo shagona a nan Kano, wani abokin sana'a ne ya rako shi ya kuma tsaya masa. Ya ce ya sami oda daga makarantu masu zaman kansu, yana son littafin gimbiya mai shafi 16, kwafi 5,000, kafin a koma hutu. Na zauna na zana kowane shafi da hannuna, da fensir sannan da tawada, na riƙa kai wa jikokina da yaran maƙwabta suna gwadawa, inda na ga hannunsu na kasa kaiwa sai in faɗaɗa gurbin in sake zanawa. Da ya ga aikin sai ya yamutsa fuska, wai ya yi sauƙi da yawa, wai iyaye ba za su biya kuɗin wannan ba, a sa masa takarda mai sheƙi. Na ce masa kireyon ba ya kama takarda mai sheƙi, zamewa yake yi, yaro zai goga ya goga launi bai fito ba, ƙarshe ya jefar ya fashe da kuka. Ya nuna ya gamsu, ya ajiye kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sannan ya roƙi cikakken samfuri guda ɗaya, wai zai zagaya da shi wurin masu makarantun. Wanda ya rako shi ya dafa ƙirji ya ce mutumin kirki ne.

Na je na ɗauko takarda bashi wurin dilan da muka daɗe muna hulɗa, na yi faranti, na kwana a kan injina Kord 64 har aikin ya fita, muka naɗe, muka ɗinke, muka datse, muka ɗaure ɗauri-ɗauri. Daga nan wayar mutumin ta daina shiga. Da ƙyar aka lalubo shi, sai ya ce ai makarantun sun fasa, shi ma asara ya yi, in riƙe kafin alƙalamin in yi haƙuri. Kuɗin da ya bari ko takardar ba su biya ba.

Bayan an koma makaranta, wata rana 'yar maƙwabcina ta shigo gaishe ni da jakarta, ta ciro littafi tana nuna mini aikinta. Ina buɗewa na ga gimbiyata. Ba zan kasa gane ta ba, domin na saba sa awarwaro uku a hannun hagu, biyu a dama, kuma ga su nan a kowane shafi. Ashe samfurin nan ya kai wata maɗaba'a aka kwafe, aka goge sunan shagona daga ƙasan shafi, aka rage girman zuwa rabi domin takarda ta yi auki. Da aka rage, layin da na yi mai kauri ya sirance, gurabun suka matse, duk wahalar da na sha ta tafi a banza. Takardar kuwa shara-shara, an buga gaba da baya, launin wannan shafi ya huda ya ɓata na bayansa. A bango sai ya manna wata baturiyar gimbiya mai sheƙi wadda ba ta ko cikin littafin. Da wannan ya cika makarantun, iyaye suka biya.

Nawa kwafin kuwa suna jibge a shago, kuma sunan kasuwancinsa ne a bangonsu, ba ni da damar sayarwa. Damina ta zo, raɓa ta taɓa na ƙasa. Ƙarshe a kan sikeli aka auna su aka sayar wa masu tsire da masu ƙosai. Na taɓa sayen ƙosai da safe aka ƙunshe mini a shafi na bakwai, gimbiya ƙarƙashin laima, mai ya jiƙe mata fuska. Babur ɗina na sayar na biya dilan takarda. Da aka kai maganar gaban dattawan sana'a, sai mutumin ya rantse cewa shi ya kawo tunanin littafin, don haka zanen nasa ne, wanda ya tsaya masa kuma ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Yau akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, amma ko a gabansu abin da za a fara nema shi ne shaida. Don haka ka ajiye zanenka na asali da kwanan wata da sa hannunka, ku rubuta a takarda ko zanen naka ne ko ta saye shi, samfuri kuma shafi biyu kawai za ka bayar, da tambarin shago a tsakiyarsu. Kada inji ya motsa sai kuɗin da ke hannunka sun biya takarda da faranti gaba ɗaya, ko da matar ƙanwar mahaifiyarka ce.

Game da takarda, ka yi amfani da fara marar sheƙi mai nauyin giram 80, idan aljihu ya matse kada ka sauka ƙasa da 70. Ka buga gefe ɗaya kawai, domin akwai malaman da ke ba yara maka, wato alƙalamin launi mai tawada, ita kuwa huda takarda take yi, ga shi iyaye suna son cire shafi su manna a bango. Idan littafi take so, ka sani takardar A3, mai girman A4 biyu, idan aka naɗe ta biyu shafi huɗu take bayarwa, sauran lissafin ba sai na yi maka ba. Ga 'yan ƙasa da shekara uku kuwa, ka ba ta shawarar ta karɓi shafuka a warware, domin wayar ɗinkin tsakiya tana miƙewa ta yanki yatsa, kuma ɗan wannan shekaru komai baki yake kaiwa. Idan kwafin kaɗan ne har za ka buga a Riso, injin nan mai kama da na fotokwafi, ka bar tawadar ta sha iska sosai, sannan ka goga babban yatsa a kan layin ka gani, domin idan ta biyo yatsanka to za ta biyo kireyon mai ruwan ɗorawa ta mayar da rigar gimbiya launin toka. Farashin da za ka ba ta kuma ka rubuta cewa na mako ɗaya ne, saboda akasarin farar takardarmu daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka bar wa kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin rim, wato ɗaurin takarda, bai zauna wuri ɗaya ba.

Ka ajiye wayar nan da ba ta barin hannunka, ka zana guda uku da fensir, ka ba ɗan shekara uku ya shafa musu launi a gabanka ba tare da ka kama masa hannu ba. Ranar Asabar bayan la'asar ka kawo mini su yadda ya bar su, kuma kada ka sayi takarda kafin na gani.