Tagogin roba a shagon zamanin Sarauniya Biktoriya?

Malam, ka ce ka kama hayar shago a wani tsohon ginin Ingila mai ginshiƙan dutse, kana so ka sa tagogin roba. Dakata tukuna.

Irin waɗannan gine-gine salon Girka da Rum suka ɗauko. Dubi Royal Exchange, tsohon ginin kasuwanci na Landan da aka buɗe a 1844, da ginshiƙansa takwas a gaba. Taga ɗaya ta saɓa, fuskar ginin ta lalace.

Duba rajistar gine-ginen da doka ta kare ta Historic England, hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila. In ginin yana ciki, sauya masa fasali ba izinin ƙaramar hukuma laifi ne, ko da daga ciki. Kar kuma magini ya toshe tsagar dutse da siminti, danshi yake riƙewa har dutsen ya marmashe. Kwaɓin farar ƙasa ake sawa. Fara ganin jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumarku.