Amsa: zazzaɓi da sandarewar wuya, a jira zuwa gobe?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki na fama da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, ko za ki ci gaba da maganin maleriya zuwa gobe? Kada ki jira. Ki kai shi Asibitin Zana (na cututtuka masu yaɗuwa) ko na Murtala a Kano yanzu. Alamun sanƙarau ne, kuma yana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Daga hunturu zuwa faɗuwar damina ya fi yaɗuwa a Kano, domin ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, tari da atishawa kuma su watsa ƙwayar a ɗakin da aka cunkushe. Yaron maƙwabtanmu da aka yi wa jinkiri ya rayu, amma har yau ba ya ji. Ki faɗa wa likita waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da ɗanki.