Tebur ya fashe a falo, kafet ya lalace a shago: wa zai biya?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni matar aure ce a unguwar Banifandu, nan Yamai. Ana saura mako guda sallar layya na kira wani kamfanin sharar gidaje da na ga tallarsu a WhatsApp. Muka yi ciniki a kan jikka 35, wato sefa dubu 35: su share ɗaki huɗu da falo, su wanke makewayi da madafa, su goge tagogi, su kuma tafi da babban kafet ɗin falo su wanko shi a shagonsu. Na ba da jikka 15 kafin alƙalami. Suka turo samari biyu da yarinya ɗaya, maigidana kuma ya yi tafiya a lokacin. Wajen ɗaga teburin gilashi don a goge ƙarƙashinsa sai ya suɓuce wa yarinyar ya fashe. Kafet kuwa ya dawo bayan kwana uku da farin tabo a tsakiyarsa. Daga baya na nemi zobena na zinariya ban gani ba. Sai na riƙe sauran jikka 20. Mai kamfanin ya ce in kwantar da hankalina, zai dinga cire kuɗin tebur da na kafet daga albashin yarinyar, wai ta sa hannu a takarda cewa duk abin da ya lalace a wurin aiki ita za ta biya, kuma wani ya gaya masa cewa a Malikiyya lamuni, wato biyan abin da ya lalace, yana kan ma'aikaci. Ƙanwata kuma ta ce mu je wajen mai duba a kan zoben. Ya halatta in karɓi kuɗin nan? Nan gaba kuma yaya zan gane kamfani mai amana?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, ya kuma saka miki da kika yi tambaya tun kuɗin yarinyar nan ba su shiga hannunki ba.

Ɗaukar mai share gida da lada halal ne, kamfani ne ko mutum ɗaya, muddin an san aikin an san ladan. Zuwa wajen mai duba haramun ne, ki ce wa ƙanwarki ta bar wannan zancen. Inda zan tsaya shi ne wata magana da kika faɗa kika wuce: tebur a falonki ya fashe, kafet kuwa a shagonsu ya lalace. A nan hukuncin biyun ya rabu, wato ina abin ya faru, kuma idon wa ke kansa a lokacin.

Wanda aka ɗauka aiki a cikin gida amintacce ne a shari'a. Abin da ya fashe a hannunsa yana cikin aikin da aka sa shi, ba da ganganci ko sakaci ba, ba ya biya. Shaihu Halil ya kawo kusan irin matsalarki a littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar, a babin ijara, wato ɗaukar aiki da lada: wanda aka ɗauka ya yi tuntuɓe da mai, ko abinci, ko kwanuka suka fashe, bai ƙetare iyaka ba, babu lamuni a kansa. Goge ƙarƙashin tebur yana cikin cinikinku, kuma ba a goge shi sai an ɗaga. Saboda haka kuɗin tebur daga albashin yarinyar nan bai halatta gare ki ba. Da a ce kin hana a taɓa shi ta taɓa, ko ta ja shi da hannu ɗaya waya na ɗayan, ko ta fesa ruwa kai tsaye a fuskar talabijin har ya shiga ciki, ko ta zuba asid a kan marmara ya ci fuskarsa, da an ce sakaci ne, ta biya in an tabbatar. Ba ki ambaci ko ɗaya ba. Ni ma ina da tambaya: teburin gilashi aikin mutum biyu ne, ga samari biyu a gidan, wa ya bar mata shi ita kaɗai?

Sai maganar da aka gaya wa mai kamfani, cewa a Malikiyya lamuni yana kan ma'aikaci. Wannan magana ta yaɗu a bakin masu shaguna da masu gidaje, kuma rabin mas'ala ce aka ɗauka aka bar rabi. Gaskiya ne Imamu Malik ya ɗora lamuni a kan masu sana'a, irin tela da marini da maƙerin zinariya da mai wanki. Amma lafazin Risala ta Ibn Abi Zaid da yara ke karantawa a zaure ya ɗaure hukuncin da sharaɗi: suna lamunin abin da suka ɓuya da shi daga idon mai shi. Malamai suka ƙara da cewa sai mutum ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a, kuma lamunin a kan abin da aka ba shi ya yi wa aiki ne kawai. In mai sana'a ya yi aikin a gidan mai kaya, ko a gabansa, ya koma amintacce kamar kowa. Ki auna yarinyar nan da waɗannan sharuɗɗa. Ba ita ta buɗe shago ba, ba ita ta yi ciniki da ke ba, ba ta fita da tebur daga gidanki ba. Ko ɗaya bai hau kanta ba.

Dalilin hukuncin ma yana nuna iyakarsa. Asali a ijara amana ce. An fitar da masu sana'a daga wannan asali ne don maslaha, domin mutum ba shi da makawa sai ya miƙa shaddarsa ga tela ya juya baya, kuma da za a gaskata kowane tela da ya ce «ta ɓata», da dukiyar mutane ta salwanta. Abin da aka keɓe don larura ba a faɗaɗa shi zuwa inda larurar ba ta je ba. A falonki babu ɓuya, ke da yaranki kuna kai da komo. Har a cikin shagon ma, Halil ya faɗa a fili cewa yaron mai sana'a ba ya lamuni, maigidansa ne ke yi. To, in wanda ya wanke kafet ɗin da hannunsa ba a cire masa ba sai in shi ya yi ganganci, yaya za a cire wa yarinyar da ƙila ko shagon ba ta je ba ranar?

Za a ce ai ta sa hannu, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. A ƙarasa hadisin: sai dai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Malamanmu sun ce sharɗanta lamuni a kan amintacce ba ya mayar da shi mai lamuni, kuma Halil ya faɗi haka game da makiyayi. Ga kuma wani aibi: lada a ijara wajibi ne ya zama sananne, wadda kuwa aka ce «duk abin da ya lalace ke za ki biya» ba ta san abin da za ta karɓa ƙarshen wata ba, ko ma ta fita da bashi. Mafi ƙarancin albashi a dokar Nijar tun 2024 jikka 42 ne. In teburinki ya kai jikka 60, kusan wata ɗaya da rabi ke nan tana duƙe da tsumma a gidajen mutane kyauta. Ribar aikin kuma wa ke ci? Mai kamfani. Ƙa'idar da ta zo a hadisi ita ce amfani yana tare da lamuni. Ba ya yiwuwa ya ɗauki riba ya jingina asara a wuyan wadda yunwa ta sa ta dangwala yatsa a takardar da ƙila ba ta iya karantawa ba.

Hujjar masu cire kuɗin ta ƙarshe ita ce in ba a cirewa ma'aikata za su yi wasa da kayan mutane. Mai sakaci dama shari'a ba ta sake shi ba, kuma ana iya yi masa gargaɗi ko a sallame shi. Cire kuɗi a kan kowane haɗari kuwa ɓoyo yake koya wa ma'aikaci: ya fasa tangaran ya liƙe shi da gam ya juya tsagin wajen bango, sai bayan wata biyu a gani a zargi yaran gida.

Kafet yana kan kamfanin, daga aljihun mai shi. Sun kafa kansu don wannan aiki, sun fita da shi, kuma farin tabo a kafet mai launi yawanci aikin jabel ne, wato ruwan bilic, wanda mai wankin da ya san sana'arsa ba ya kusantar da shi. Ƙimarsa ta ranar da suka ɗauka ake dubawa, ba kuɗin sabo ba. Ki kai shi wajen mutum biyu masu sayar da irinsa a Babbar Kasuwa, su faɗi nawa yake kafin tabon, nawa yake yanzu. In ɓarnar kaɗan ce ki riƙe kayanki ki karɓi bambancin. In ta kai ba ya shimfiɗuwa a falo, kina da zaɓi: ko haka ɗin, ko ki bar musu shi su ba ki ƙimarsa duka, sai dai a nan ba su da ladan wanki. Daga jikka 20 da kika riƙe ki cire wannan, in da saura ki miƙa a ranar, in bai kai ba su cika. A gama cikin makon nan, kada a ja. Ki kuma gaya masa, a gaban yarinyar in ya yiwu, cewa ba ki karɓar ko dala daga albashinta. In ya ga dama ya biya tebur daga dukiyarsa don kare sunan kamfaninsa, halal ne ki karɓa, in ma ya riga ya yi miki wannan alkawari to ya cika.

Zobe kuwa, Hajiya, ba ki ce kin ga wani ya ɗauka ba, kin ce kin nema ba ki gani ba. Makon sallah ne. Mai kitso ta shigo, mai lalle ta shigo, ƴan'uwa da yaran maƙwabta sun shigo, an kuma motsa gado da kabad daga wurarensu. Ki fara duba aljihun jakar da kika je biki da ita, da bayan madubi, da cikin zannuwan da aka naɗe. Ba ki da damar riƙe kuɗin kowa a kan zato, kuma kada ki ambaci sunan kamfanin ko hoton yarinyar a zauren WhatsApp na matan unguwa da sunan gargaɗi. In wata alama mai ƙarfi ta bayyana, ga mai unguwa ga kwamisariya, hujja a kanki, rantsuwa a kan wanda ya musa. Kalmar «ɓarauniya» in ta manne wa ƴar aiki a Yamai, ta rufe mata ƙofar gidaje da yawa, ko da zoben ya fito daga baya a ƙarƙashin katifa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ba zan wuce shi ba. Samari biyu sun shiga har ɗakin kwananki maigida ba ya gari. Ban zarge ki da komai ba, sai dai kada a sake. Ki nemi a turo mata, ko ki sa ranar da shi ko ɗan'uwanki yake gida, ƙofofi a buɗe, kuma da saninsa. Haka in mace aka turo, kada ki tafi kasuwa ki bar ta da maigida ko samarin gida su kaɗai. Kariya ce gare ta kafin ta zama gare ku.

Game da gane mai amana, talla a waya ba shaida ba ce. Ki je ki ga mazauninsu da idonki ko ki aiki wani, ki nemi lambar NIF, wato lambarsu ta biyan haraji, da takardar rajista, ki karɓi lambar gida biyu da suka yi wa aiki ki kira da kanki. Waɗanda za a turo a ba ki sunayensu tun jajibiri, a ƙofa gardi ko wani namiji ya gwada da katin ɗan ƙasa. Ki tambayi mai kamfani kai tsaye: in abu ya fashe wa ke biya, nawa kake ba ma'aikatanka, ka yi musu rajista a CNSS, asusun inshora da fansho na ma'aikata? Wanda ke cin haƙƙin yaransa ba zai ji nauyin naki ba, kuma ma'aikacin da yake bin kamfani albashin wata uku shi aka fi jefawa cikin jarraba. In kika ga an turo ƙaramar yarinya da ba ta kai shekara 14 ba, ki mayar da ita. A rubuta yawan ɗakuna, da abin da za a wanke, da wanda zai kawo sabulu, da kuɗi, da ranar gamawa. Abin da zai fita daga gida a ɗauki hotonsa gaba da baya a gabansu. Zinariya da kuɗi da takardun fili a kulle su, makulli a jikinki. Yin haka ba munana zato ba ne, kin hutar da su ne daga tuhuma.

Ki lura da tsarki kuma. Masu shara da yawa bokiti ɗaya da tsumma ɗaya suke yawo da su daga makewayi zuwa ɗakin da kike sallah. Ki ware wa makewayi nasa bokiti da tsumma masu launi dabam, kuma shi za a wanke a ƙarshe. Inda fitsarin yaro ya taɓa, ruwan omo ko na jabel yana gusar da ƙazantar da warinta, amma a mazhabarmu hukuncin najasa ba ya ɗauke sai da ruwa tsantsa wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba, don haka a bi da ɗauraya. Kafet ma ki tambaya ko sun ɗauraye shi da ruwa zalla bayan kumfa. Ki kuma hana su haɗa jabel da asid ɗin wanke masai a makewayi, domin haɗin yana tayar da iskar da ke ƙona ido da huhu, mai wankin kuma ita ce ke duƙe a kansa ƙofa a rufe. A yi amfani da ɗaya, a kora da ruwa sosai, taga a buɗe, sannan a kawo ɗayan.

Wallahu a'alam.