Sabon maganin ciwon da aka fitar a Amurka zai raba ƙanena da tiramol?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena ɗan acaɓa ne. Shekara biyu da suka wuce ya yi hatsari ya karye a cinya, aka ɗora shi a kan tiramol. Ƙafa ta ɗinke, amma har yau bai daina sha ba. Ranar da bai samu ba, kwana yake yana gumi da murƙususu. Na ji a rediyo an fitar da maganin ciwo a Amurka wanda ba ya kama mutum. In muka nemo masa, zai daina? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya bar zumunci.

Abin da kika ji gaskiya ne. Sunan maganin suzetrigine, kamfanin Vertex ke sayar da shi da sunan Journavx, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi ranar 30 ga Janairu, 2025. Sai dai ba zai yi wa ƙanenki abin da kike fata ba, kuma ina so ki ji dalili kafin ku kashe kuɗi.

Tiramol da kodin da mofin dangi ɗaya ne. Har ƙwaƙwalwa suke isa, su danne raɗaɗi, su kuma taɓa wurin da ke sa mutum jin daɗi da wanda ke kula da numfashi. Daga nan kamu yake farawa, daga nan kuma mutuwa take zuwa in an zarce ƙima. Shi sabon maganin a waje yake tsayawa. A jikin jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga fata da gaɓoɓi akwai wasu 'yan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke bi. In ya toshe ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira NaV1.8, saƙon sai ya yanke a hanya, bai kai ƙwaƙwalwa ba.

Wani yaro a Pakistan na cikin waɗanda suka haska wa masana wannan hanya. Wasa yake yi a titi, yana soka wuƙa a hannunsa, yana taka garwashi, ko gezau. Da masu bincike daga Jami'ar Kambirij suka bi sawu, sai suka tarar da wasu iyalai a arewacin ƙasar da yaransu ba su taɓa sanin ciwo ba, saboda wata ƙofa 'yar'uwar waccan, NaV1.7, ba ta aiki a jikinsu. An wallafa binciken a 2006. Magungunan da aka haɗa don toshe ita wannan ƙofar sun yi ta faɗuwa a gwaji, sai ta kusa da ita ce aka dace da ita.

Ina murna da shi, amma ban saki jiki ba. A kan ciwo na ɗan lokaci aka amince da shi, irin na bayan tiyata, kuma a gwajin bai fi haɗin maganin da aka saba bayarwa ƙarfi ba. Da aka gwada shi a kan ciwon bayan da ke sauka ƙafa, bai yi wa ƙwayar da babu magani a cikinta wani fintinkau ba. Da ya fito a 2025, kuɗin ƙwaya ɗaya ya haura dala 15. Sannan mun sha ganin irin wannan alkawari: a 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin a matsayin maganin tari, shi kansa tiramol da ya shiga kasuwa a Jamus a 1977 an daɗe ana ɗauka ba ya kama mutum sosai. Duk wanda ya miƙo muku wata ƙwaya a kemis ya ce ita ce ta Amurkar, ku mayar masa da abinsa.

To, mu koma kan ƙanenki. Abin da ke damunsa yanzu ya bar cinya ya koma ƙwaƙwalwa. Ta saba da tiramol har ta kasa daidaita sai da shi. Gumin nan da murƙususun ba lalaci ba ne, cuta ce, kuma ba shi kaɗai ba ne: binciken da aka yi a Najeriya tare da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba.

Maganin wannan cuta ya riga ya daɗe a duniya. Ga mutane da yawa, rage tiramol ɗin a hankali ƙarƙashin kulawar likita, haɗe da nasiha, ya wadatar. Wanda abin ya yi wa katutu akwai methadone, da ake amfani da shi tun shekarun 1960, da buprenorphine. Suna kwantar da ƙishirwar maganin ba tare da jefa mutum cikin maye ba in an bi ƙa'ida, kuma suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Buprenorphine har allurar wata-wata gare shi. Ba ko'ina ake samun su a ƙasar nan ba, wannan kuwa yana ci mini rai fiye da rashin sabon maganin.

Daga Zariya, ku fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ABU, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ku riƙe katin ƙwayar da yake sha. Likita ba ya haura miligiram 400 a wuni, amma na kasuwa ƙwaya ɗaya na iya kai 225, kuma yawansa na jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Ki tuna babur yake hawa. Wasu ƙwayoyin ma da ake kira tiramol wani haɗin ne daban, shi ya sa ganin katin yake da amfani. A kuma duba cinyar, don in akwai sauran zogi a yi masa gashi a asibiti a ba shi maganin da ba na wannan dangin ba.

Don Allah kada a kulle shi a ɗaki ko a kai shi gidan mari. Yanke shi lokaci guda azaba ce, kuma wanda ya yi makonni bai sha ba, in ya koma kan adadin da ya saba, jikinsa ba zai iya ɗauka ba. In kuka taɓa ganin barcinsa ya yi nauyi, ana tashinsa ba ya tashi, numfashi na fita da ƙyar, ku kwantar da shi a gefensa ku garzaya asibiti, ku faɗi abin da ya sha ba tare da kunya ba. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi cikin 'yan mintuna.