Kafin ka ce yaron shagonka ɓarawo ne, ina littafinka?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano. A farkon 2023 jarina ya kai naira miliyan 6, shago cike maƙil. Yanzu rabin kantocin wayam, alhali ciniki bai ragu ba. Ɗan yayana ne ke tsare mini shagon, kuma kwanan nan na gan shi da sabuwar waya. Na yi niyyar korarsa, in zuba ragowar kuɗin a wata harkar intanet da aka ce tana ninka kuɗi cikin wata uku. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, sau biyu na karanta saƙonka ina neman adadin da ya ɓata, ban samu ba. Ba ka ce ranar kaza an fitar da katan kaza na taliya kuɗin bai shiga durowa ba. Hujjarka duka waya ce a hannun yaro. Ba ka da littafi, kuma nan matsalarka take.

Ka tuna abin da ya samu kasuwa. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, a Yuni aka saki naira, dalar da ke kusan 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka saro buhun sukari, ka ɗora riba, ka sayar, ka koma wurin dila ka tarar uwa da ribar ba sa sayen buhun. Miliyan 6 ɗinka tana iya zama nan daram, amma kayan da take cikawa sun ragu sosai, ba tare da kowa ya taɓa sisi ba.

Sannan durowar nan, hannu nawa ke shigarta? Cefane daga nan, kuɗin makaranta daga nan, gudummawar biki daga nan. In naira 10,000 kake zara kullum, a shekara ka ɗebi sama da miliyan 3 da rabi. Ga masu "ba ni, sai jibi" da ba a rubuta ba, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Na san wani mai atamfa a Kantin Kwari da ya yi abin da kake shirin yi. Har ofishin 'yan sanda ya kai ɗan ƙanwarsa. Ina nan uwar yaron ta zo ta durƙusa a ƙofar shago, tana share hawaye da gefen mayafi. Bayan wata shida giɓin yana nan, yaro kuwa ba ya nan. Da muka zauna muka bi kwastomominsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga diloli na kaya da shi da kansa ya bayar bashi ta waya ya manta. Har yau ƙanwar ba ta taka gidansa. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Maganar ninka kuɗi a wata uku kuwa, ka bar ta. Tambayi waɗanda MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai irin wannan alƙawari, ta rufe wa kuɗi a Disambar 2016.

Ban ce yaron ba zai iya ɗauka ba, na ce ba ka sani ba. Rufe shago yini guda, ku ƙirga komai tare da shi, a rubuta da farashin sari na yau. Yanka wa kanka albashi, kada ka wuce shi. Kuɗin POS da na tiransifa su daina shiga asusun da kake cefane da shi. Shi ma yaron ka yanka masa hakkinsa a fili. Bayan wata uku ku sake ƙirga. In giɓi ya fito a rubuce, kira yayanka, ku zauna ku uku da littafin a gabanku.