Me Ya Haɗa Hausawan Bronx da Kukan Yankees?

Malam, tambayarka ta iso, kuma gida biyu ce. Ka ce me ya haɗa Bahaushe da ƙwallon da ake duka da sanda, wato besbol, har a ga masu furfura suna ɗaga murya a kanta bayan sallar Isha. Sannan ka ce ko wannan ba alama ba ce ta cewa mun narke cikin mutanen Amurka, har ka taɓo maganar auratayya da su. Ta farkon ta fi buƙatar bayani, don wanda bai san yadda wasan yake ba ba zai gane inda abin yake mana ciwo ba.

Ka fara da sanin wuri. Filin ƙungiyar besbol ta Yankees yana kan titi na 161 a Bronx, cikin birnin Niyok, kuma unguwannin da ke kewaye da shi nan ne mazaunin da yawa daga cikin mutanenmu, waɗanda suka zo daga zangunan Kumasi da Akara, da na Yamai da Maraɗi, da 'yan Najeriya. Jirgin ƙasa mai lamba 4, wanda muke shiga zuwa aiki, ta jikin filin yake wucewa. Ranar wasa titi ya cushe, mai tasi ya sami fasinja, mai tebur ya sayar da huluna. Inda tsohon filin yake, wanda aka buɗe a 1923 aka daina wasa a cikinsa a 2008, yanzu filin wasan yara ne, kuma yaranmu suna cikin masu gudu a kansa. Ƙungiyar nan maƙwabciyarmu ce. Hular nan mai haruffan NY da samarin Kano suke saye a gwanjo, tambarinta ne, ko da mai sanye da ita bai sani ba.

Wasan besbol zagaye tara ne. A kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili, sai an fitar da masu bugu uku a sauya. Mai jifa yana tsaye a kan tudu, tazararsa da mai bugu ƙafa 60 da inci 6. Wanda ya doki ƙwallo zai ruga ya taka tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo gida, tsakanin kowace tasha ƙafa 90, kuma dawowa gida ita ce maki ɗaya. In ƙwallo ta tsallake katanga, shi ne hom-ron, duk wanda ke kan tasha ya dawo gida a tsanake. Ana buga wasa 162 a kaka, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, shi ya sa direbobin tasinmu da ke kwana da rediyo suka san kowane ɗan wasa ciki da waje. A Oktoba ake wasannin fitar da gwani, a ƙare da World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi.

Yankees sun ci kofin nan sau 27, babu ƙungiyar da ta kama ƙafarsu. Na ƙarshe shi ne na 2009, shekarar da aka buɗe sabon fili. Yaron da aka raɗa wa suna a wannan shekarar yanzu ya kusa gama sakandare bai taɓa ganin an ɗaga kofi a unguwarsu ba. Za ka ce ai ba su faɗi warwas ba, gaskiya ne, ko a 2023 da suka kasa shiga wasannin Oktoba sun ci 82 an ci su 80. To amma ka tuna yadda Kano ta ji lokacin da Pillars, mai kofin lig huɗu, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022. Wanda ya saba da kofi ba ya auna kansa da ma'aunin kowa.

Ba rashin kuɗi ba ne. Albashin 'yan wasansu yana kai wa wajen dala miliyan 300 a shekara. Kukanmu shi ne yadda ake kashe kuɗin da irin ƙungiyar da ake ginawa da su. Katangar dama a filinmu kusa take, ƙafa 314 kacal daga gida, sai shugabanni suka daɗe suna tara ƙarti masu neman tsallake katanga, suna raina mai gudu, da mai tsaron fili, da mai iya taɓa ƙwallo ya tura abokinsa tasha ta gaba. A tsakiyar kaka wannan tsari yana ci, don kana haɗuwa da masu jifa na tsaka-tsaki, kuskurensu ɗaya ka tura ƙwallo cikin 'yan kallo. A Oktoba kuwa gwanaye kaɗai ake fito maka da su. Hom-ron ya yi wuya, sai ka ga mutum uku sun kaɗa iska sun koma benci, an bar abokinsu a tasha ta biyu yana jira. Ƙungiyar Houston ta fitar da su a 2017 da 2019 da 2022, na ƙarshen ma wasa huɗu a jere ba su ci ko ɗaya ba. Na 2017 muna da hujjar ƙorafi, don daga baya an tabbatar Houston tana satar alamun da abokan hamayya ke ba mai jifarsu da kyamara a wannan kakar. Na 2022 kuwa babu wanda za a ɗora wa sai kanmu.

Sannan ga kwantiragin da suka zama kaya. An ba Jacoby Ellsbury dala miliyan 153 na shekara bakwai, bayan 2017 bai sake buga musu wasa ba. Aaron Hicks an ba shi miliyan 70 na shekara bakwai, aka sallame shi a 2023 ana ci gaba da biyansa. Josh Donaldson ma a shekarar aka sallame shi. Carlos Rodón, mai miliyan 162, ya ci wasa 3 an ci shi 8 a kakarsa ta farko, ko da yake ya gyara daga baya, kuma adalci ne a faɗa. Duk waɗannan mutum ɗaya ne ya kawo su, Brian Cashman, wanda yake babban manaja tun 1998.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne World Series na 2024 da Dodgers ta Los Angeles, kuma sai an bi shi daki-daki za ka ga dalilin. Wasa na ɗaya ya wuce zagaye tara, Yankees na gaba da 3 da 2 a zagaye na goma. Koci Aaron Boone yana da masu jifa da hannun hagu biyu suna ɗumama jiki: Tim Hill, wanda yake ta jifa lafiya a makonnin nan, da Nestor Cortes, wanda rabonsa da wasa tun tsakiyar Satumba saboda ciwon gwiwar hannu. Ya ɗauki Cortes. Cikin masu bugun Dodgers aka fitar da Shohei Ohtani, aka bar Mookie Betts ya wuce tasha ta ɗaya da gangan, tashoshi uku suka cika, Freddie Freeman ya tura jifar farko bayan katanga. Aka tashi Dodgers 6, Yankees 3. Mai jifa da ya yi wata guda ba wasa, ba a fara gwada shi a irin wannan lokaci, ko yaron da ke buga wasan unguwa ya san haka.

Wasa na biyar a Bronx aka yi, 30 ga Oktoba. Yankees na gaba da 5 da nema, mai jifarsu Gerrit Cole ya yi zagaye huɗu babu wanda ya sami bugu mai kyau a kansa. A zagaye na biyar ɗan Dodgers ɗaya ya hau tasha, sai aka doko ƙwallo kai tsaye wurin Aaron Judge, ɗan Yankees mai tsaron tsakiyar fili, ta taɓa safar hannunsa ta faɗi, shi da bai yi kuskuren tsaro ko ɗaya ba duk kakar. Na gaba ya buga ta ƙasa wurin Anthony Volpe, ya jefa tasha ta uku, jifar ta daki ƙasa ba a riƙe ba. Tashoshi sun cika, ba a fitar da kowa ba. Cole ya daure ya fitar da mutum biyu da jifa, har da Ohtani. Saura ɗaya a tsira. Betts ya buga wata mai rauni wurin Anthony Rizzo kusa da tasha ta ɗaya. Ƙa'idar da ake koya wa kowane mai jifa tun makon farko na atisaye ita ce, duk ƙwallon da ta bi ta wannan ɓangare, ka bar tudu ka ruga ka tsaya a tashar a jefo maka. Cole ya fara gudu ya tsaya, yana nuna wa Rizzo da hannu, Rizzo kuma yana jiran Cole. Betts ya taka tasha. Kafin a rufe zagayen an ci su maki biyar, aka tashi 7 da 6, Dodgers suka ɗaga kofi a unguwarmu. Kowane ɗan wasa yana iya kuskure, amma uku a zagaye ɗaya, duka a abubuwan da atisaye ke gyarawa, laifin masu horarwa ne.

Me ya biyo baya? Juan Soto, ɗaya daga cikin manyan masu bugunsu, ya tsallaka zuwa Mets, ɗaya ƙungiyar da ke Niyok, kan dala miliyan 765 na shekara 15. Aka tsawaita wa Boone kwantiragi zuwa 2027. A 2025 suka ci wasa 94, suka fi kowa hom-ron, sai Toronto ta fitar da su da wasa 3 da 1, biyun farko 10 da 1 da kuma 13 da 7. Mai ƙungiyar, Hal Steinbrenner, ya taɓa cewa albashi irin wannan ba zai ɗore ba, maganar da ba ta yi wa mai sayen tikiti daɗi ba ko kaɗan. Mahaifinsa George, wanda ya rasu a 2010, korar koci ba ta yi masa wuya, har abin ya yi yawa. Ɗan kuwa ba kasafai yake korar manya ba. Wasu dattawanmu suna cewa haƙuri da ma'aikaci hali ne mai kyau, kuma ban musa ba, amma amana ce aka ba mutum, in shekara goma sha shida ta wuce ba sakamako ya kamata a tambaye shi. Abin tausayin shi ne Judge, wanda ya buga hom-ron 62 a 2022, ya zama gwarzon lig sau uku, an haife shi a 1992, ƙarfinsa yana tafiya babu kofi.

Abu ɗaya da muka yaba shi ne dokar gemu. Tun shekarun 1970 ɗan wasan Yankees ba ya barin gemu, sai gashin baki. A Fabrairun 2025 aka sassauta, aka yarda da gemu gyararre. Ga sauran magoya baya ƙaramin labari ne. Ga uban da ke ganin ɗansa yana da hannun jifa kuma yana son ya riƙe sunna, ba ƙarami ba ne.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ta ɗan yi mana zafi. Matashin Fagge da ke kwana a gidan kallo saboda Arsenal ba wanda ya ce ya daina zama Bahaushe, alhali bai taɓa taka Landan ba. Mu da muke jin ihun filin daga tagar ɗakinmu, don me namu zai zama narkewa? Mutanen da ke musu a kan Boone su ne suke cika sahu da asuba, su ne suke tara kuɗi in an yi rasuwa a wanke gawa a binne ta bisa sunna ko a kai ta gida, su ne suke cin tuwo da miyar kuka kafin su tafi filin, don abincin can ba kowanne ake yarda da shi ba, giya kuma tana yawo a kujeru. Wasan dare yakan fara da ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, magariba a tsakiyar bazara kuma tana kai wa takwas da rabi, don haka mai zuwa kallo da alwalarsa yake shiga ya nemi lungu. Da yawa ma sun fi son kallo a gida saboda wannan. Dama can an saba yi wa mutanen zango dariyar Hausarsu, kakanninsu sun sha ta a Kumasi kafin jikoki su sha ta a nan, kuma ba ta hana su riƙe harshen fiye da shekara ɗari a ƙasar Asante ba.

Maganar aure da ka taɓo, gaskiya tana faruwa. Maƙwabtanmu mafi yawa mutanen Jamhuriyar Dominika ne, waɗanda besbol ya zame musu kamar gado, da baƙaƙen fatar Amurka, cikinsu akwai Musulmi tun kakanni. Yaranmu da nasu aji ɗaya, ƙungiyar unguwa ɗaya. Wasu samarinmu sun auri 'ya'yansu, aka ɗaura a masallaci da waliyyi da shaidu da sadaki, aka raba goro da dabino. Wasu auren sun zauna, wasu sun mutu, kamar yadda ake yi a Kano. 'Ya mace kuwa ba a ba da ita sai ga Musulmi, a kan wannan ba mu sassauta ba, kuma ana shan rigima a gidaje saboda shi.

Inda nake ba ka gaskiya shi ne harshe. Yaro yana jin Hausa sarai, a yi masa magana ya amsa da Turanci, kuma duk musun ƙwallon nan da yake yi da babansa da Turanci yake yi, uban ne ke juyawa zuwa Hausa in ransa ya ɓaci. Wasannin yara na unguwa kuma safiyar Asabar da Lahadi ake sa su, daidai lokacin Islamiyya. Wasu malamai sun mayar da karatu bayan Azahar a watannin Afrilu zuwa Yuni don kada su rasa ɗalibai, wasu sun ƙi, suka ce allo ba ya matsa wa sanda. Iyaye mata ne suka fi shan wahalar abin, su ke jan yaro daga fili da ƙura a wandonsa, a sa masa jallabiya a kan rigar wasa a cikin mota, a isa makaranta an riga an fara biya hadda.