Na sayi gida da ɗan haya a ciki, ya ƙi biya kuma ya ƙi tashi

Tambaya: Na sayi gida a Kubwa da ke Abuja watanni biyar da suka wuce, na tarar da ɗan haya wanda ya shekara biyu bai biya ko sisi ba. Da na yi masa magana sai ya ce shi bai san ni ba, da tsohon mai gida ya yi yarjejeniya. Shin zan iya canza kwaɗon ƙofa, ko in kai shi wurin 'yan sanda?

Amsa: Malam, na san abin da ciwo mutum ya zuba dukiyarsa a gida sannan a hana shi cin moriyarsa, amma ina roƙonka kada ka taɓa kwaɗon nan. Canza makulli, cire kwano, yanke wuta da ruwa, ko watsa masa kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma kotu tana iya sa ka biya shi diyya alhali shi ne bai biya haya ba. 'Yan sanda ma ba su da hurumin fitar da ɗan haya.

Maganarsa cewa bai san ka ba tana da magani mai sauƙi. Ka nemi wanda ya sayar maka ya rubuta masa wasiƙa cewa gidan ya koma hannunka, kai ma ka rubuta taka, ya sa hannu a kan kwafi. Ka kuma karɓi tsohuwar yarjejeniyar haya da rasit na ƙarshe, domin su ne za su nuna irin hayar da yake ciki.

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, saboda dokar karɓar gidajen haya da ke aiki a Abuja ta ɗora tsawon notis a kan irin hayar, matuƙar yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba: mako ɗaya ga mai biyan mako, wata ɗaya ga mai biyan wata, wata uku ga mai biya duk wata uku, wata shida ga mai biyan shekara. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi notis na biyu na kwana 7, mai sanar da shi cewa za ka je kotu. Idan kuwa hayar mai ƙayyadadden lokaci ce kuma ta ƙare, na kwana 7 ɗin kaɗai ya wadatar. A nan ne masu gidaje da yawa suke tuntuɓe, kuskuren kwana ɗaya a lissafi yakan ba lauyan ɗan haya abin riƙewa, shi ya sa nake ganin ya fi kyau lauya ya rubuta, bayan ka ba shi izini a rubuce.

Batun bashi kuma, kuɗin da ya taru kafin ka saya na tsohon mai gida ne, sai dai in ya sallama maka shi a takardar ciniki. Naka yana farawa daga ranar da gidan ya zama mallakinka, kuma za ka iya neman kuɗin duk watannin da ya ƙara zama har ranar da ma'aikatan kotu suka miƙa maka makulli.